Norman Heatley, mutumin da ya ƙera wa fenisilin tukunya da hannunsa

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tuna da wani mutum da ba a cika kiran sunansa ba in ana zancen fenisilin, wato Norman Heatley. An haife shi ranar 10 ga Janairu 1911 a garin Woodbridge da ke gabashin Ingila, mahaifinsa likitan dabbobi ne. Ya rasu ranar 5 ga Janairu 2004 a Marston, gefen Oxford, saura kwana biyar ya cika shekara 93. A Cambridge ya yi karatu, ya gama digirin digirgir a 1936 a kan yadda ake auna sinadaran da suka yi ƙanƙanta ƙwarai a jikin halitta, a shekarar kuma ya koma makarantar nazarin cututtuka ta Sir William Dunn a Oxford, inda Howard Florey yake shugabanci. Tun yana yaro yake tuƙa ɗan jirgin ruwa mai filafilai a kogin Deben, kuma mutum ne mai son aikin hannu har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya yi ritaya a 1978, cikin abubuwan da ya shagala da su har da ƙera 'yan mitsi-mitsin kujeru da tebura daga karan gashin tsuntsaye. Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: a ganina hannun nan da ke yanka karan gashi shi ne ya fitar da fenisilin daga faranti zuwa jijiyar majiyyaci. Wanda bai saba haɗa abu daga tarkace ba, da bai iya aikin da aka yi a Oxford a 1940 ba.

Dakta Sa'idu: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kada daɗin labari ya sa mu naɗa wa mutum rawanin wani. Alexander Fleming ne ya lura da fumfunar da ke fitar da fenisilin a asibitin St Mary's na Landan a 1928, ya buga bayaninsa a 1929. Ernst Chain ne ya tono wannan takarda bayan shekara kusan goma an manta da ita, Florey kuma shi ya nemo kuɗi, ya haɗa mutane, ya tsara gwaji a kan dabbobi da mutane. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 1945. Heatley ƙwararre ne, ba na musu, amma dabarar da ake yaba masa a kanta, ta mayar da sinadari daga mai zuwa ruwa, masana sinadarai sun san irinta tun kafin lokacin. Batun kujerun gashi kuwa sha'awa ce ta tsufa, ban ga abin da ya haɗa ta da magani ba.

Hajiya Rabi Famasis: Dakta, sanin dabara daban, sanin inda za a sa ta daban. Bari in faɗi inda gizo yake saƙar. Fenisilin asid ne mai rauni. In ruwan da yake ciki yana kusa da pH 7 (pH ma'aunin tsami ne, 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami), yana nan a matsayin gishiri, ya fi son ruwa. In ka zuba asid ka saukar da shi zuwa pH 2, sai ya canza hali ya fi son narkewa a cikin sinadarin ita (ether) ko amil asitet, waɗanda ba sa gauraya da ruwa, su ne muke kira mai a nan. Harold Raistrick da abokan aikinsa sun kai nan tun 1932: sun tsamama ruwan, maganin ya shiga sinadarin ita, suka busar da itar don su kwashi gari, sai suka tarar babu komai, ya lalace. Nan suka ajiye aikin.

A wani zama da aka yi a Maris 1940 Heatley ya ce kada a busar. A ɗauki itar nan mai ɗauke da magani a girgiza ta da ruwa kaɗan wanda aka ɗan sa wa soda har ya tsaya kusa da pH 7, maganin zai sake komawa gishiri ya tsallako cikin ruwan da kansa. Chain bai yarda zai yi ba, Heatley ya je ya gwada, ya yi. Riba biyu ake ci a nan. Ta farko, dattin da ba ya shiga mai ya tsaya a ruwan farko, wanda kuma ya shiga mai amma ba ya dawowa ruwa ya tsaya a man. Ta biyu, kowane tsallake ana rage yawa. Misali, lita 10 ta koma lita 2 ta mai, lita 2 ta koma mililita 200 ta ruwa, ka ga ƙarfin ya ninka har sau 50 in ba a yi asara ba. Daga nan ne Chain yake daskarar da ruwan ya busar da shi a cikin sanyi, a samu garin nan mai launin ƙasa-ƙasa da ke iya ajiyuwa.

Zainabu: Hajiya, akwai abin da ya ɗaure mini kai. An koya mana cewa asid na kashe fenisilin, shi ya sa ba a shan na allura ta baki. To ta yaya za a saukar da shi pH 2 ya tsira?

Hajiya Rabi Famasis: Tambayar kenan, 'yata. Tsere ake yi da lokaci. A jikin fenisilin akwai wani zobe mai kusurwa huɗu da ake kira beta-laktam, wanda Dorothy Hodgkin ta tabbatar da siffarsa a 1945. Zoben a matse yake, kuma da shi maganin yake aiki. Asid na buɗe shi, soda mai yawa na buɗe shi, zafi na hanzarta duka biyun. A pH 2 cikin zafin ɗaki, mintuna kaɗan sun isa ka rasa kaso mai tsoka. In ka sanyaya ruwan ya kusa daskarewa, sai lalacewar ta yi jinkiri sosai. Don haka dokar ita ce a sanyaya tukuna, a zuba asid a daƙiƙar ƙarshe, a tura shi cikin mai nan take. Wurin dawowa ruwa ma akwai tarko: in hannu ya zarce da soda ya haura pH 8, nan ma zoben ya tafi. Da farko a ɗakin sanyi suke girgiza kwalabe da hannu, sanye da riguna masu kauri, abin da ba zai yiwu ba in ana maganar ɗaruruwan litoci.

Injiniya Lawal: Nan ne na'urarsa ta shigo, kuma ni a nan nake goyon bayan Malam Habu. A 1940 Ingila na cikin yaƙi, babu kamfanin da zai ƙera maka injin gwaji. Firam ɗin na'urar tsohuwar kantar littattafai ce ta katako da aka yar. A jikinta ya tsayar da dogayen bututun gilashi shida, ya kifa manyan kwalabe a sama, ɗaya ta ruwan fumfuna, ɗaya ta asid, ɗaya ta mai. Ruwan fumfunar da aka tace yana gangarowa ta wani murɗaɗɗen bututu da ke nutse cikin ƙanƙara, ya haɗu da asid ɗin fosforik dab da bakin fita, sannan ya fito ta 'yan siraran bakunan gilashi a matsayin ɗigo-ɗigo. Ɗigon ya fi mai nauyi, sai ya riƙa nutsewa ƙasa, shi kuma amil asitet ana shigar da shi ta ƙasa yana hawa sama. Suna wuce juna, maganin na tsallakawa. Amfanin wannan tsari shi ne ɗigon da ya kusa ƙarewa da magani a can ƙasa yana haɗuwa da sabon mai fes, wanda zai tsotse ragowar. Ya kuma haɗa ƙararrawar ƙofa yadda in kwalba ta cika ko ta ƙare za ta yi ƙara. Lita 12 take ci a awa.

Duk wanda ya taɓa jan gilashi a wuta ya san wahalar tana wurin bakunan nan. In ramin ya yi faɗi, ɗigo ya yi girma, ya faɗi da sauri, maganin da ke tsakiyarsa bai samu fita ba. In ya yi ƙanƙanta, ɗigon ya zama hazo, ya ƙi nutsewa, ruwa da mai su cakuɗe su zama madara-madara, musamman da yake ruwan fumfuna na ɗauke da furotin da ke riƙe irin wannan cakuɗa. Kuma dole bakunan su yi daidai da juna, in ba haka ba bututu ɗaya ya sha fiye da sauran. Wannan ba a koyonsa a littafi, sai a yatsa. Dalilin barin sinadarin ita a koma amil asitet kuwa, itar tana tafasa a digiri 35, tururinta na kama wuta da ƙyas ɗaya, ga shi ana cikin ruwan bama-bamai.

Malam Habu: Madalla, Injiniya. Ga batun tukunyar da na sa a kanun zancen. Fumfunar nan iska take shaƙa, a saman ruwa take shimfiɗa tabarmarta. In ruwan ya wuce zurfin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, na ƙasa asara ne, an ɓata sukari a banza. Saboda haka abin da ake nema faɗi ne. Sun gwada kwalabe a kwance, farantai, tire, gwangwanin biskit. Gwangwani na tsatsa, kuma ƙarafa irin su jan ƙarfe da zinki na lalata maganin. Abin da ya fi yi musu kyau shi ne fo ɗin asibiti mai murfi da hanci, wanda suka aro daga asibitin Radcliffe. A kansa Heatley ya zana tasa tukunyar: mai kusurwa huɗu, shimfiɗaɗɗiya, rufaffiya, da hanci guda a gefe, tana cin lita ɗaya a zurfin santimita 1.7. In ka yi lissafi, fuskar ruwan ta kusa murabba'in santimita 590.

Gilashi zai yi tsada kuma zai ɗau watanni, sai aka tafi wurin masu tangaran, kamfanin J. Macintyre da ke Burslem. Ku duba hankalin mai aikin hannu: an shafe cikin da ƙyalli don kada ya tsotsi ruwa kuma ya wanku, aka bar bayan da kaushinsa don kada ya suɓuce a jiƙaƙƙen hannu, kuma a iya jera su bisa juna a tukunyar tururi da ɗakin reno ba tare da sun zame ba. Ranar 23 ga Disamba 1940 shi da kansa ya tuƙa motar aro cikin sanyin hunturu ya kwaso kashin farko, sama da 170. Aka wanke, aka cika, aka turara, ranar Kirsimeti ya shuka musu iri.

Malama Ladi: Tunda an zo reno, ga abin da ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa: giram 40 na gulukos, giram 3 na sodiyam naitiret, giram 1 na fotasiyam fosfet, rabin giram na fotasiyam kulorayid, rabin giram na magniziyam salfet, da giram 0.01 na salfet ɗin ƙarfe. Sukan ƙara ruwan yis don girma ya yi sauri. A toshe hancin da auduga, a turara, a bari ya huce, a fesa ƙurar irin ta hancin, a ajiye a digiri 24. Kwana biyu zuwa uku za ka ga farin gashi-gashi a sama, daga baya ya haɗe ya zama tabarma mai launin shuɗi-kore, ta yi ƙudundune, 'yan ɗigo rawaya su fito mata kamar gumi. Ruwan da ke ƙasa yakan fara yin tsami sannan ya dawo yana hawa, kuma wajen kwana goma, lokacin da ya kusa pH 7, maganin yake kai ƙololuwa. In ka makara, ruwan ya zarce, abin da ka tara ya fara raguwa.

Babban abokin gaba shi ne ƙwayar cuta daga iska. Wasu bakteriya na fitar da wani sinadari da ke yanka zoben da Hajiya ta ambata, wanda Edward Abraham da Chain suka bayyana a 1940 suka kira shi fenisilines. Tukunya guda da ta gurɓata, in aka juye ta cikin sauran, ta cinye aikin mako. Shi ya sa 'yan matan nan shida da aka ɗauka aikin reno suke sa hula da takunkumi da riga, ana kuma shafe benci da mai don ƙura ta kwanta.

Amma ni, gudunmawarsa da na fi girmamawa ita ce ma'auni. Kafin ka ce ka tace magani, dole ka san nawa ke hannunka kafin da bayan kowane mataki. Ya yanka gajerun bututun gilashi, ya goge bakinsu na ƙasa ya yi kaifi don ya zauna daram a kan agar, wato daskararren abincin da ake renon ƙwayoyin cuta a kansa cikin faranti, ba tare da yoyo ba. A shafe faranti da ƙwayar Staphylococcus aureus, a bari fuskar ta sha iska, a jera bututun, a cika kowanne da ruwan da ake son aunawa, ɗaya kuma da ruwan da aka san ƙarfinsa. A kwana da shi a digiri 37. Da safe za ka ga da'ira fes kewaye da kowane bututu inda ƙwayar ta kasa tsirowa, ka auna faɗinta da milimita. Inda ake samun kuskure: agar ya fi kauri a gefe guda saboda benci bai daidaita ba, ko fuskar ta jiƙe ruwan ya malala ta ƙarƙashin bututu, ko an cika shuka ƙwayar da'irar ta tsuke. Saboda haka ba a kwatanta faranti da faranti, sai a kwatanta da ma'aunin da ke kan farantin. Faifan takarda da ake ɗorawa yau a lab don gane maganin da zai ci ƙwayar majiyyaci, a kan wannan tunani yake tafiya.

Injiniya Lawal: Bari in ɗora lissafi a kan maganar Malama, don a ga girman abin. Yunit ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin maganin, daidai yake da maikurogiram 0.6 na tsantsar fenisilin, wato miligiram ɗaya yunit 1,667 ne. 'Yar kwalbar allura mai yunit miliyan ɗaya da ke kowane kemis miligiram 600 ce. Ruwan Oxford yana ba da yunit 1 zuwa 2 a mililita. Ko a kan 2 ɗin, sai ka tara lita 500 kafin ka samu abin da ke cikin kwalbar nan guda, wato tukwane 500, kuma wannan kafin asarar tacewa. Lita 500 ɗin ita ce abin da suke nomawa a mako a 1941.

Dakta Sa'idu: To ai lissafin Injiniya ni ya taimaka wa. Gwajin ɓeraye ya yi kyau, ban ƙi ba: ranar Asabar 25 ga Mayu 1940, ɓeraye takwas aka sa wa ƙwayar cutar Streptococcus, huɗu aka yi wa magani, Heatley ya zauna gadinsu har wajen ƙarfe huɗu saura kwata na asuba, huɗun da ba a yi wa ba duk suka mutu. Amma mutum ya ninka ɓera sau dubu biyu zuwa uku. Ɗan sandan nan Albert Alexander da aka fara yi wa ranar 12 ga Fabrairu 1941, miligiram 200 aka fara ba shi, sannan 100 duk bayan awa uku, saboda ƙoda na zubar da maganin da sauri. Garin kansa bai wuce kashi uku cikin ɗari na tsantsa ba. Har fitsarinsa suka riƙa tarawa suna sake tace maganin daga ciki. Ya farfaɗo, kwana biyar magani ya ƙare, ya rasu 15 ga Maris. Tukwanen tangaran ba su cece shi ba. Abin da ya wadata duniya shi ne manyan tankunan Amurka da ake hura wa iska ana juyawa, irin masana'antar da Pfizer ta buɗe a Brooklyn a 1944, da sabon irin fumfuna da aka samu a jikin ruɓaɓɓen shammam, ɗan uwan kankana, a garin Peoria na Amurka a 1943.

Malam Habu: Gaskiya ne Dakta, tanki ne ya wadata duniya. Amma wa zai zuba miliyoyi a tanki in babu shaidar cewa abin na warkar da mutum? Majiyyatan da suka biyo bayan Alexander, waɗanda aka buga sakamakonsu a mujallar Lancet a Agusta 1941, da maganin tukwanen nan aka yi musu, kuma yawanci an zaɓi yara ne don abin ya isa. Da wannan shaida Florey ya shiga jirgi zuwa Amurka a tsakiyar 1941, kuma mutum ɗaya ya ɗauka, Heatley. Florey ya zaga kamfanoni ya koma gida, shi kuwa aka bar shi a ɗakin binciken ma'aikatar noma da ke Peoria, jihar Illinois, yana koya musu reno da awo. Irin da suka zo da shi ma da farko ƙin tsirowa ya yi saboda wahalar tafiya, sai da aka lallaɓa shi. Nan ya yi aiki da Andrew Moyer, aka gano ruwan jiƙon masara da ke fitowa daga masana'antar sitati, aka musanya gulukos da laktos, amfanin ya ninka ninkin-ba-ninkin. Daga Peoria ya wuce kamfanin Merck a New Jersey, bai koma Ingila ba sai Yuli 1942. Moyer kuwa ya buga aikin ba tare da sunan Heatley ba, ya kuma yi rajistar mallakar dabarar. Wannan yana ci mini rai har yanzu, domin su mutanen Oxford ƙin yin rajista suka yi, manyansu na ganin bai dace a mallake maganin ceton rai ba.

Hajiya Rabi Famasis: Ƙarin bayani kaɗan kan ruwan masaran. Ba yawa kaɗai ya ƙara ba, nau'in maganin ma ya canza. A cikinsa akwai sinadarin da fumfunar ke ɗauka ta liƙa a gefen zoben, shi ya sa na Amurka ya fito fenisilin G, wanda muke allura da shi yau, alhali na Oxford yawancinsa nau'in F ne.

Baba Ɗanlami Kafinta: Ni ba na cikin masu magani, amma Dakta ya ce kujerar gashi sha'awar tsufa ce, to bari in faɗi abin da ke cikinta. Gashin fiffike ake nema, manyan na gefe, na dinya ko talotalo, na agwagwa da zabo kuma don ƙananan sassa. Gindin da ke shiga fata shi ne bututu, fari ne mai rami, sama da shi kuma cike yake da wani abu kamar soso. Ɗanye yana da laushi da maiƙo, gam ba ya kama shi, yana kuma lanƙwashewa in ya bushe. Sai ka yanke ƙarshen, ka jiƙa shi a ruwa ya kwana, ka zaro ɓargon cikin da siririyar waya, ka soka shi cikin yashi mai zafi, ka bari ya huce a ciki. Zai fito da tauri, ya yi garau kamar farce, sai ka kankare fatar bayan da bayan wuƙa. Yashin in ya yi zafi da yawa, karan ya kumbura ya yi ƙuraje, ya tashi daga aiki.

Jijiyarsa a tsaye take bin tsawonsa, don haka da ka danna shi da almakashi zai tsage har sama. Da reza ake yi, kana mirgina shi a kan katako kana zagayawa a hankali har ya rabu. Huda kuma da allura mai zafi, ba da sanyi ba. Sai awo: in kana rage kujera sau 12, wadda mazauninta ke da tsayin santimita 45 za ta dawo 3.75, ƙafa mai kaurin santimita 4 ta dawo milimita 3 da ɗan ɗoriya. Kuskuren rabin milimita a ƙafa ɗaya, kujera ta yi gurguwa, ido kuma zai gani. Duk yaron da ya taɓa ƙera mota da totuwar kara da ɓawonsa ya san wannan ilimi, cewa kowane abu yana da inda yake yarda da inda yake ƙi. Abin da Injiniya ya faɗa na mirgina bututu da daidaita bakuna shida, aikin yatsa ɗaya ne da wannan.

Malama Ladi: Baba ya yi gaskiya, kuma abin ya riga tsufa. Tun kafin fenisilin, a 1939, shi da Chain da Isaac Berenblum sun buga bayanin wata 'yar na'ura da ya ƙera don auna iskar da ɗan mitsitsin nama yake shaƙa, a binciken ciwon daji. Ƙanƙanin abu shi ne fagensa tun daga digirinsa.

Zainabu: Malama, wasu na yaɗawa a Facebook cewa fumfunar burodi ko ta lemo ita ce fenisilin, a jiƙa a sha. Tunda ga girkin kin bayar, me zai hana?

Malama Ladi: Kul, ƙanwata. Na farko, kore ba shi ne shaida ba. Fumfuna iri-iri ce, ko cikin dangin Penicillium kaɗan ne ke ba da maganin, wasu kuma dafi suke fitarwa, kamar yadda Aspergillus ke zuba aflatoksin a gyaɗa da masara. Na biyu, kin ji lissafin Injiniya, ko irin gaskiya ne ba za ki sha lita ɗaruruwa ba, kuma tsamin ciki zai kashe ɗan abin da ke ciki. Na uku, datti. Matar da aka fara gwada garin Oxford a jikinta a Janairu 1941, miligiram 100 kawai aka ba ta, zazzaɓi da makyarkyata suka rufe ta. Laifin wani datti ne da ya biyo garin, sai da Abraham ya bi da shi ta bututun garin alumina kafin ya fita. Waɗannan masana ne da kayan aiki.

Hajiya Rabi Famasis: Kuma raunin zoben nan bai tafi ko'ina ba, kullum muna fama da shi a kanta. Shi ne dalilin da ya sa sirof ɗin amoksisilin yake zuwa a gari. Ranar da kika zuba ruwa agogo ya fara. A tafasa ruwa a bari ya huce sarai, a girgiza garin ya saki, a zuba rabi a girgiza, sannan a cika zuwa layin da ke jikin kwalbar. Ruwan ɗumi na rage masa ƙarfi tun ranar farko. A sa a firji, a bi kwanakin da aka rubuta a kwali, yawanci 7 zuwa 14, wanda aka haɗa da kilabulanik kuwa kwana 7 ne kuma firji dole. Ragowar ba a ajiye wa ƙanin yaro. Fenisilin V da ake ba yara masu sikila kullum don kare su daga cutar nimoniya, shi yana jure tsamin ciki, a Ostiriya aka gano wannan juriya tasa a farkon shekarun 1950. Fenisilin benzatin kuma, wanda ake yi wa masu ciwon zuciyar da ya biyo bayan ciwon maƙogwaro duk mako uku zuwa huɗu, ba narkewa yake ba, farin ruwa ne mai gari-gari. A tsoka ake yinsa can ciki, haramun ne a jijiya, kuma in aka ja shi a sirinji aka tsaya hira zai toshe allurar.

Dakta Sa'idu: Na karɓi batun ma'auni da na tukwane, hujja ce mai ƙarfi. Kan Nobel dai ina nan inda nake: ƙa'idarsu mutum uku ce, kuma ban ga wanda za a cire cikin ukun ba. Abraham ma bai samu ba, ga shi daga baya shi da Guy Newton suka fitar da wani maganin ƙwayoyin cuta, sefalosforin C, a wannan makaranta ta Oxford. Abin da zan ce shi ne Oxford ta yi jinkiri ƙwarai. Sai 1990, shekara hamsin bayan ɓerayen, ta ba shi digirin girmamawa na likitanci, wanda ba ta taɓa ba wani da ba likita ba a tarihinta na shekara 800.

Malam Habu: A kan jinkirin mun haɗu, Dakta. Henry Harris, wanda ya gaji kujerar Florey, cewa ya yi ba don Fleming ba da babu Chain da Florey, ba don Florey ba da babu Heatley, ba don Heatley ba da babu fenisilin. Shi ya san su a aiki, ya fi mu sanin wa ya yi me.

Zainabu: Baba Ɗanlami, tunda gam ba ya kama shi sosai, yaya ake haɗa ƙafa da sandar gicciye ta zauna?

Baba Ɗanlami Kafinta: Kamar yadda muke yi a katako, 'yata, rami da harshe. Ki zaɓi kara mai kauri don ƙafa, siriri don gicciye. Ki huda ƙafar da allura mai zafi, ramin ya ɗan fi sandar ƙanƙanta, ki fiƙe bakin sandar, ki tura tana murzawa. Kada ramin ya wuce sulusin faɗin ƙafar, kuma ramuka biyu kada su zo a layi ɗaya kusa da juna, tsaga za ta bi daga wannan zuwa wancan, sai ki ɗaga ɗaya sama da milimita biyu. In wurin zai ɗau nauyi, ki cusa tsinken ashana cikin ramin ƙafar kafin ki huda, shi zai riƙe gam ɗin. Ki ɗan goge wurin da takardar yashi mai laushi, ki ɗiga gam da bakin allura. Kafin duk wannan, gashin da kika tsinto ki ɗaure shi a leda ki sa a firiza ya yi mako guda, don akwai ƙwarin da ke cin sa, in ba haka ba bayan wata shida za ki tarar da kujerar ta zama gari.